Hukuncin Kwana a Otal ɗin Masu Zamiya a Kan Tsaunukan Alps

Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Damagaram ne, shekara huɗu ke nan ina aiki a birnin Liyon na ƙasar Faransa. Abokan aikina sun shirya hutun mako guda a tsakiyar watan Janairu, daga Asabar zuwa Asabar, a wani gari da ake kira Val Thorens a kan tsaunukan Alps, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Otal ɗin da suka kama a bakin gangarar yake, kana fitowa ƙofa sai ka ɗaura sandunan zamiya a ƙafa ka sulale. Ni kaɗai ne Musulmi a cikinsu. A otal ɗin akwai mashaya, akwai giya a ƙaramin firjin ɗaki, akwai wurin ninƙaya da ɗakin tururi da maza da mata ke shiga tare. Ina son zuwa, Malam, amma zuciyata ta ƙi natsuwa. Shin ya halatta in kwana a irin wannan wuri? Zan iya yin kasaru in haɗa salloli, tunda yini ake yi a kan dutse? Ya halatta in yi taimama saboda sanyi, ko in yi shafa a kan takalmin zamiya? Yaya kuma batun abinci? Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗaure kaya. Zuwan ya halatta, kwana a otal ɗin ma ya halatta. Ɗaki ka kama haya, kuma haya ciniki ne ingantacce ko da mai gidan ba Musulmi ba ne, ko da kuwa yana da wata sana'a ta haram a gefe. Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha. Shi kuma wasan motsa jiki asalinsa halas ne. Annabi ya yi tsere da Nana A'isha, kuma da Hanzala ya ji tsoron ko ya zama munafuki don yana shagala da iyali da gona bayan ya tashi daga majalisi, amsar da ya samu ita ce: ya Hanzala, lokaci da lokaci. Ballantana ma wurin da za ka je, wuri ne da Alkur'ani ya ce a duba: "da duwatsu, yaya aka kafa su" (Gashiya, 19). Mutumin da ya tashi a rairayin Damagaram, idan ya tsaya a kan tsauni ya ga fari ya rufe ƙasa iyakar ganinsa, bakinsa zai yi tasbihi ko bai shirya ba. Ina yi maka fatan wannan.

Sai dai akwai abin da nake so ka riƙe tun daga nan, domin kusan duk sauran amsoshin a kansa suka rataya. Kai da bakinka ka ce otal ɗin a bakin gangara yake. Wannan shi ne abin da abokanka suka biya kuɗi mai yawa dominsa, kuma shi ne ya ɗauke maka mafi yawan uzurin da kake nema. Rangwamen shari'a na wanda ruwa ya yi wa nisa ne, ko wanda sanyi zai cutar ba shi da wutar ɗumama ruwa, ko wanda ayari zai tafi ya bari. Wanda zai iya sulalowa har ƙofar masaukinsa, ya hau bene ya murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, ba ya cikin waɗannan.

Bari mu fara da kasaru. Daga Liyon zuwa Val Thorens kusan kilomita 200 ne, ya zarce nisan da malamanmu na Malikiyya suka gindaya, wato baridi huɗu, mil 48, kilomita 80 da ɗoriya. A hanya, tafiya da dawowa, kai matafiyi ne, kuma idan azahar ta same ku a mota ba za a tsaya ba sai bayan la'asar ta shiga, kana iya jinkirta ta ka haɗa su. Akwai wata gaɓa da ɗalibai ke tsallakewa a Muhtasar na Shaihu Halil, inda ya ce kasaru sunna ce ga matafiyin da ba saɓo ya fitar da shi ba, ba kuma wargi ba. Masu sharhi sun ba da misali da mai fita farauta don nishaɗi kawai, suka ce kasarunsa makaruhi ne, amma in ya yi ba zai sake sallar ba. Ni ina ganin ma'aikacin da ya fita hutu don jikinsa ya sarara bai shiga wannan ba matuƙar niyyarsa mai kyau ce. In ka cika a hanya ka fita daga saɓani, in ka yi kasaru sallarka ta yi.

Da zarar ka shiga garin kuwa, magana ta canza. Ka zo da niyyar kwana bakwai, kuma a mazhabarmu niyyar zaman kwana huɗu cikakku, salla ashirin, tana yanke hukuncin tafiya. Shafi'iyya ma a kan kwana huɗun suke. Imamu Abu Hanifa ya kai shi kwana 15, ban ɓoye maka ba, amma kai a kan Malikiyya ka koyi sallarka, kuma ba na son mutum ya riƙa canza mazhaba kamar riga duk ranar da wata ta fi sauƙi. Ka cika sallarka raka'a huɗu, kowace a lokacinta.

Kuma in ka duba agogo za ka ga abin bai kai yadda kake tsoro ba. A tsakiyar Janairu a wannan yanki alfijir yana ketowa wajen ƙarfe shida da rabi, rana ba ta fitowa sai bayan takwas, saboda haka asuba a ɗaki za ta same ka. Azahar tana shiga wajen ɗaya saura kwata, la'asar wajen ƙarfe uku, rana kuma ta faɗi biyar da 'yan mintoci, lokacin an rufe motocin igiya masu hawa da mutane kan dutse. Ka ga ashe salloli biyu kaɗai ne suka faɗo cikin wasan. Ko dai ka sauko da rana lokacin abinci ka yi azahar, ka yi la'asar da ka dawo kafin rana ta yi ja, ko kuma ka yi abin da malamai ke kira haɗin sura: ka sauko wajen uku saura, ka yi azahar a ƙarshen lokacinta, ka ɗan zauna, la'asar ta shiga ka yi ta a farkon nata. A ido an haɗa, a haƙiƙa kowace ta faɗa gidanta. Wannan babu mai yi maka gardama a kansa. Abin da nake jin tsoro shi ne "bari in ƙara zagaye ɗaya", domin ranar sanyi gajera ce, tsakanin la'asar da magariba awa biyu ne da kaɗan, kuma mai jin daɗi ba ya duba agogo. Ka sa ƙararrawa a waya.

Batun magariba yana da tarko a tsakanin duwatsu. Rana za ta ɓuya bayan tsauni, inuwa ta rufe garin, alhali a sararin Allah ba ta faɗi ba. Ɓuyanta bayan dutse ba shi ne faɗuwa ba. Annabi (SAW) ya ba da alama a hadisin Umar: idan dare ya gabato daga nan, yini ya juya daga nan, rana ta faɗi, to mai azumi ya sha ruwa. Duhun da ke tasowa daga gabas ake dubawa. Malaman Hanafiyya ma sun ambaci cewa wanda ke kan hasumiyar Iskandariyya ba ya buɗe baki tare da mutanen ƙasa sai rana ta ɓace masa shi. Ka bi jadawalin da aka lissafa da wurin da kake, ka ƙara 'yan mintoci don kariya. Sai alƙibla: mu a ƙasar Hausa mun saba da cewa gabas, har kalmar ta zama sunan alƙibla a bakinmu. A can kudu maso gabas take, wajen digiri 120 daga arewa. Ka daidaita ta tun daren farko ka gane wane bango ne. Juma'a za ta same ka a can; idan babu masallacin da ake yin ta cikin nisan mil uku daga inda kake, ba ta hau kanka ba, azahar za ka yi.

Yanzu taimama. Asalin rangwamen sanyi yana cikin labarin Amru ɗan Asi a yaƙin Zatus Salasil. Janaba ta same shi a dare mai tsananin sanyi, ya ji tsoron in ya yi wanka zai halaka, ya yi taimama ya ja wa mutane asuba. Da Annabi ya tambaye shi, sai ya karanta "kada ku kashe kanku, lalle Allah mai jinƙai ne gare ku" (Nisa'i, 29), Annabi ya yi dariya bai ce komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito. Amma Amru a daji yake cikin runduna, ba shi da banɗaki mai ruwan zafi. Malamai sun sharɗanta cewa sai mutum ya rasa abin ɗumama ruwa da wurin fakewa. A ɗakin otal, wanka da alwala sun wajaba a kanka kamar kana gida, ko da sanyin waje ya kai digiri 15 ƙasa da sifiri.

Idan kuwa wani abu ya ritsa da kai a can sama, iska ta taso aka tsayar da motocin igiya, ko ka ji rauni kana jiran masu ceto, lokaci zai fita kuma ba ruwa, to a nan mazhabarmu tana da faɗin da mutane da yawa ba su san da shi ba. Shaihu Halil ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama a kansu, bayan ya ce turɓaya ta fi. Na sha karantar da wannan wuri ga ɗalibai a cikin zafin bazara suna kallona suna mamakin ina za a ga ƙanƙarar, ga shi yau wani daga cikinmu ya buƙace ta. In akwai dutse a fili ka buga a kansa, in babu ka buga a kan ƙanƙarar. Idan kuma ta narke ta zama ruwa, ruwa ne mai tsarki mai tsarkakewa, kuma Annabi da kansa yana roƙon Allah ya wanke shi daga kurakurai da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙarar sama. Salla a kanta ta inganta idan ta daskare yadda goshi zai zauna. Ka cire hular kwano da tabarau, ka shimfiɗa riga in sanyi zai cuce ka. A cikin motar igiya kuwa ba a yin farilla, don ba tsayuwa ba alƙibla, kuma tafiyar 'yan mintoci ce.

Shafa a kan takalmin zamiya wuri ne na saɓani na gaske. Malikiyya sun sharɗanta huffi ya zama na fata, ɗinkakke, mai tsarki, ya rufe idon sawu, an sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Takalmin zamiya na roba mai tauri ne, don haka a zahirin mazhaba ba a shafa a kansa. Shafi'iyya ba su sharɗanta fata ba, sun duba ƙarfi da rufewa da yiwuwar tafiya a ciki, Hanbaliyya kuma sun yarda har da safa mai kauri. Mafita mai sauƙi ita ce ka sayi huffin fata marar kauri, ka sa shi da safe bayan alwala, ka sa takalmin a kansa in ya shiga, lokacin alwala ka cire takalmin ka shafi huffin. In hakan bai yiwu ba kuma buƙata ta kama ka a kan dutse, ka ɗauki maganar masu halattawa, sallarka ta yi. Amma wanda zai dawo otal, ai dole ya kwance takalmin a ɗakin ajiya kafin ya hau sama, to me ya rage? Ya wanke ƙafarsa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka ba sanyi ba ne, dare ne. A irin waɗannan garuruwa, da an sauko daga dutse sai shaye-shaye da kiɗa su ɗauka, har suna da sunan da suke kiran wannan zama da shi, kuma a wurin mutane da yawa shi ne rabin hutun. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Lafazin a fili yake. Shiga ɗakin cin abinci mai teburori da yawa, wasu na sha a nasu kai kana naka, wannan ba laifi a ƙasar da ba ka da ikon hanawa. Zama a teburin da kwalba ke yawo kuwa shi ne abin da aka hana. Na san wasu malaman da ke zaune a Turai sun yi sassauci ga wanda aiki ya tilasta wa halartar liyafa, amma hutu da ƙafarka ka je, ba lalura ba ce. Na kuma san nauyin abin: kai kaɗai ne, ba ka son a ce ka ware kanka. Shawarata ka gaya musu tun kuna Liyon, da sakin fuska, ba sai an zauna an buɗe kwalba ba. Ka ci karin kumallo da su, ka yini da su a kan dutse, ka sha shayi da su, ka zama mai saurin taimako in wani ya faɗi. Da dare ka nemi teburinka, ko ka ci da wuri. Kada ka saya wa kowa, kada ka miƙa, kuma in an zo raba kuɗin abinci ka biya naka kaɗai, domin hadisin Anas ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai saye da mai ɗauka da mai shayarwa. Giyar firjin ɗaki ba ta ɓata sallarka ba, amma ka ce a kwashe ta, otal-otal sun saba da wannan roƙo.

Wannan hadisin na Jabir shi ne dai ya ce kada mai imani ya shiga gidan wanka ba tare da gyauto ba. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, kuma runtse ido wajibi ne. Wuraren ninƙaya da dama a Faransa ba sa ma yarda da wando mai faɗi sai matsattse, a Ostiriya da Jamus kuwa al'adar ɗakin tururi tsirara ce. Wurin da maza da mata ke cakuɗe cikin kayan wanka, ka bar shi. In akwai lokacin da za ka same shi kai kaɗai da suturarka, babu laifi.

Abincin Savoie, yankin da Val Thorens yake ciki, yana son tambaya kafin loma. Tartiflette dankali ne da cuku, amma da gutsattsarin naman alade a ciki. Raclette da busasshen naman alade ake kawo shi a gefe. Tsiran da suke kira diots na alade ne kuma a giya ake dafa shi. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, da farar giya ake haɗa shi, kuma kada wani ya ce maka wuta ta ƙone ta: ba duka take tashi ba, sannan a mazhabarmu giya najasa ce, ta shiga abu mai ruwa ta ɓata shi. Cukun kansa akwai maganar malamai a kan abin da ake daskarar da shi, amma an kawo wa Annabi cuku a Tabuka ya nemi wuƙa ya yi bisimilla ya yanka, kuma ina tare da masu halattawa. Kifi, ƙwai, dankali, taliya, miyar ganye in ka tabbatar ba romon alade, duk waɗannan sun ishe ka mako guda.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma amana ce in faɗa. Val Thorens yana kan tsayin mita 2,300, shi ne garin zamiya mafi tsayi a Turai, kuma motocin igiya suna kai mutum sama da mita 3,000. Dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijar, a tsaunukan Bagzan na Ayar, mita 2,022 ne, wato gadon da za ka kwanta a kai ya fi shi bisa. Iskar da za ka shaƙa a can kusan kashi uku cikin huɗu ce ta wadda ake samu a bakin teku. Ciwon kai da haki da rashin barci a kwanakin farko sananne ne. Amma mu muna da abin da abokanka ba su da shi, wato sikila. Mai SS ƙarancin iska yana iya tayar masa da ciwo mai tsanani, har mai AS ma an san tsayi da wahalar jiki da ƙarancin ruwa suna iya taɓa masa saifa. Ka san nau'in jininka, ko AA ne ko AS ko SS, ka ga likita kafin ka tafi. In likita ya ce kada ka je, to zuwan ya haramta a kanka, domin Allah ya ce "kada ku jefa hannuwanku zuwa halaka" (Baƙara, 195).

Ayar nan ita ce kuma ma'aunin wasan kansa. Hanyoyin an yi musu alama da launi, kore da shuɗi na masu koyo, ja da baƙi na gwanaye. Ɗan koyo ya hau baƙa don kada a ce ya ji tsoro, wannan ganganci ne, kuma in ya buge wani lamunin raunin yana kansa. Fita daga hanyar da aka shata ya fi haɗari, can ne ƙanƙara ke zaftarewa ta binne mutane, shi ya sa kullum ake sanar da matakin haɗarin daga 1 zuwa 5. Michael Schumacher, zakaran tseren mota na duniya sau bakwai, a Méribel, da ke cikin babban yankin zamiya ɗaya da Val Thorens wanda ake kira Kwari Uku, ya faɗi ranar 29 ga Disamba 2013 a gefen hanya, kansa ya bugi dutse, da hular kwano a kansa, kuma gwani ne ba ɗan koyo ba. Ka ɗauki mai koyarwa, ka sa hula, ka tsaya inda aka shata. Inshorar da ake sayarwa tare da tikiti saboda kuɗin ceto tana cikin abin da aka yi saɓani: majalisar fiƙihu ta Jidda ta hana inshorar kasuwanci a 1985, Shaihu Mustafa Zarƙa ya halatta. Ga baƙon da kuɗin ɗauko shi daga kan dutse zai iya karya shi, ina ganin buƙata ta halatta masa.

Sai kuɗi. Wurin yana da tsada, kuma kai ka san aljihunka. Idan abin da kake aika wa mahaifa a Damagaram ba zai ragu ba, ba bashi mai ruwa za ka ci ba, zakkarka ba ta maƙale ba, to ba almubazzaranci ba ne mutum ya ji daɗin halaliyarsa. Idan kuwa sai an tauye haƙƙin wani kafin a biya ɗakin, ka ba abokanka haƙuri bana, in Allah ya kai mu wata shekarar ka je.

Wallahu a'alam.